Kada Ki Ba Ɗiyata Nono

Ranar Asabar aka yi wa Hauwa'u aiki aka ciro jaririya, bayan jijjiga ta kama ta a tsakar gida tana tankaɗen gari. Jaririyar ta yi kuka, uwar ba ta farka ba. Daga ɗakin tiyata aka wuce da ita ɗakin kulawa ta musamman, wanda yanzu har tsofaffin Ƙofar Kware sun iya kiransa Aisiyu, aka haɗa ta da na'urar da ke yi mata numfashi. Ranar Litinin likitocin yara suka ce 'yar ba ta da wata matsala sai ƙanƙanta, a tafi da ita gida. Mijin, Abdulshakur, ya tsaya a barandar asibiti riƙe da ita cikin zane kamar an ba shi ajiyar ƙwai, yana duban matan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. Saudatu ta miƙa hannu ta karɓa. Iyakar shawarar da aka yi ke nan.

Ba wanda ya yi mamaki. Saudatu da Hauwa'u tare suka tashi a Ƙofar Dundaye, makarantar allo ɗaya, bulalar malami ɗaya, kuma aure ya kawo su gidaje biyu masu katanga ɗaya a Ƙofar Kware. Tare suke sana'ar dambun nama. Saudatu ta dafa ta daka ta soya, Hauwa'u ta ɗauki hoto ta sa a waya, ta yi ta zuba wa mutane zance har su sayi abin da ba su yi niyya ba. 'Yan unguwa kan ce mutum ɗaya aka raba musu, aka ba Saude hannu aka ba Kulu baki. Da waɗannan sunaye suke kiran juna, kuma Saudatu ba ta taɓa jin haushin rabon ba, don magana wahala ce a wurinta.

Abu ɗaya ne Hauwa'u ba ta wasa da shi, ita da ke mai da komai wasa. Tana budurwa an sa ranar aurenta da Habibu, ɗan ƙanen mahaifinta, wanda take so tun ba ta san sunan abin ba. Saura mako uku, an kai lefe, an raba goro, sai wata gwaggo ta zo daga ƙauye ganin kaya. Tana cikin ɗaga atamfa ta ce af, ashe yaran nan biyu ne za a haɗa, ai uwar Habibu ta taɓa ba Kulu nono ranar da tata uwar ta kwanta zazzaɓi. Ta faɗa ne hankali kwance, ta ci gaba da yaba atamfar. Aka tambayi uwar Habibu, ta ce ta tuna. Aka tambayi malamai, suka ce ko maƙwarwa ɗaya ce ta isa, wa da ƙanwa ne. Aka mai da lefe. Saudatu ce ta zauna da Hauwa'u wata guda tana lallaɓa ta ta ci abinci.

Daga baya Hauwa'u ta auri Abdulshakur, mutum mai haƙuri da ke sayar da yadi, suka zauna lafiya, sai dai shekara bakwai haihuwa ba ta zo ba. Saudatu kuwa ta jera mata uku, sannan ta haifi Gazali, wanda yanzu wata biyar gare shi. Ranar da aka yi wa Hauwa'u hoton ciki aka ce mace ce, ko gida ba ta shiga ba, ta faɗo wa Saudatu, ta durƙusa har ƙasa ta rufe fuska da mayafi tana gaishe ta gaisuwar surukai. Daga ranar Gazali ya koma ango. Ya yi gyatsa ta ce ango ya ƙoshi, ya yi mata fitsari a cinya ta ce za ta rage daga sadaki. Kowa ya san shaƙiyanci ne.

Amma wata rana suna zaune suna tsinke nama, Gazali na shan nono, Hauwa'u ta daina dariya ta dube ta.

Ta ce, “Saude, in na haihu, kada ki ba ɗiyata nono. Ko ina bayi tana kuka, ki bar ta ta yi. Su so juna ko kada su so, wanga nasu na. Amma kada ya zan mu munka ruhe musu ƙohwa. Amana ta nib ba ki.”

Saudatu ta ce to, ta ci gaba da tsinkar namanta. Ba ta san wannan “to” ɗin za ta yi nauyi haka ba.

Tun ranar Asabar Saudatu ba ta yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, don ita mace ce da ke kuka ko akuyar maƙwabta ta mutu. Wannan karon dai abin ya ƙi zuwa. Ta jira shi kamar yadda ake jiran a kawo wuta, ta gaji ta daina jira. Tana sallah, tana girki, tana amsa gaisuwar masu zuwa jaje, tana jin muryarta na fita daidai. Abinci ba shi da ɗanɗano amma tana ci. In ta dubi katangar da ke tsakaninsu ba ta jin komai, sai ta lura da inda sumunti ya tsage, ta ce a ranta ya kamata a gyara kafin damina.

Jaririyar ce ta ƙi ba da haɗin kai. Abdulshakur ya sayo madarar gwangwani, aka tafasa ruwa, aka auna yadda aka rubuta. Ta sha kaɗan ta dawo da shi. Aka canza wata madarar mai hoton jariri mai kumatu, ita ma haka. Aka bar kwalba aka koma cokali, ɗigo-ɗigo, rabi a ciki rabi a wuya. Ga zafin Afrilu na Sakkwato, wanda ko babba sai ya yi da gaske. Ranar Litinin kukanta na kaiwa zaure. Zuwa Laraba sai wanda ke cikin ɗakin ke jinsa.

Jikin Saudatu kuwa ba ruwansa da wata amana. Jaririyar na fara kuka ƙirjinta zai cika ya ɗaure, nono ya zubo ya jiƙa mata riga. Sai ta jawo Gazali, ko barci yake, ta juya wa jaririyar baya ta ba shi. A makon nan Gazali ya yi ƙibar da bai taɓa yi ba, har masu zuwa jaje na yaba shi.

Inna Ladi, mahaifiyar Abdulshakur, ta mai da ɗakin Saudatu wurin wuninta, kuma ba ta zo da shiru ba. Tun Talata ta ce wannan wane irin abu ne, ga nono na zuba ga yarinya na bushewa. Malami, mijin Saudatu, kafin ya fita kasuwar hatsi ya tsaya bakin ƙofa ya ce shi ya yarda, lada ne ma. Abdulshakur ya bugo waya daga asibiti ya ce ya san maganar da ke tsakaninsu, amma shi ne uban, ya ɗauke mata alkawarin, yana roƙonta don Allah. Duk amsa ɗaya ta ba su, a bari Kulu ta farka a tambaye ta. Inna Ladi ta ce ta ga taurin kai iri-iri a rayuwarta, amma na mai shiru ya fi kowanne, don ba ka samun bakin da za ka kama.

Wasu sun ɗauka tsabar riƙon amana ce, har suna jinjina mata. Akwai wannan ɗin. Amma akwai abin da ke ƙarƙashinsa, kuma Saudatu ta sani ko da ba ta faɗa wa kowa ba. Muddin tana jiran a tambayi Hauwa'u, to akwai Hauwa'un da za ta tashi a tambaya. Ranar da ta ɗora yarinyar a ƙirji, ta yarda ke nan cewa ba mai tashi.

Ranar Alhamis da safe suka mai da jaririyar asibiti awo, ita da Inna Ladi, Gazali na goye a bayanta. Nas ɗin yara ta ɗora ta a sikeli, ta duba kati, ta sake duba sikelin. Ta taɓa maɗigar kan ta ji ta lotsa. Ta tambaya ko a duk danginsu babu mai shayarwa. Tana tambayar tana duban ƙafafun Gazali da suka leƙo ta gefen hijabi, sannan ta dubi gaban hijabin da ya jiƙe. Inna Ladi ta ɗauke jikarta daga sikelin. Nas ta ce in zuwa gobe ba canji, a dawo da ita a kwantar a yi mata ƙarin ruwa, kuma ba ta son ta ga an kai ga haka da yarinya mai wannan ƙanƙantar.

A bakin ƙofa Saudatu ta kwance Gazali ta miƙa wa Inna Ladi, ta tsayar musu da keke ta ce su je gida, tana tafe. Ta juya ta nufi can ƙarshen asibitin.

Masu jinyar Aisiyu ba sa jinyar komai, don ba a barin kowa ciki. Zama suke a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, kowa da tabarmarsa da butarsa da fulas ɗin shayi, suna jiran a leƙo a kira suna a miƙo takardar magani. Sun san juna da majinyatansu: ga masu mai haɗarin mota, ga masu wanda maciji ya sara, ga mijin mai haihuwa. Abdulshakur na zaune da carbi, rigarsa ta Asabar ce har yanzu. Suka gaisa. Ta ce yau tana son ya bar mata minti biyar ɗinsa, don mutum ɗaya ake bari ya shiga, sau ɗaya a wuni. Bai tambaye ta dalili ba, ya ce to.

Wajen sha ɗaya likita ya fito yi wa dangi bayani, saurayi ne siriri da idanunsa suka yi ja don gajiya. Kullum Abdulshakur sauraro yake ya ce Allah shi ba da lafiya, ba ya tambaya, don yana tsoron a ba shi amsa. Likitan ya ce hawan jinin ya sauka, wannan abin godiya ne. Ƙoda dai har yanzu ba ta tashi ba, an wanke sau biyu, gobe za a sake. Hoton kai ya nuna jini ya ɗan zuba a ƙwaƙwalwa. Sun rage maganin barci tun jiya don su ga ko za ta motsa, ba ta motsa ba tukuna.

Saudatu ta tambaye shi yaushe za ta farka. Ya ce bai sani ba. Ta ce gobe ko jibi? Ya ce Hajiya, wallahi bai sani ba. Ita da ba ta iya ciniki ba, yau ta tsaya kai da fata, ta ce to cikin mata goma da aka kawo a irin wannan hali, nawa ke fita da ƙafarsu. Likitan ya dubi Abdulshakur, Abdulshakur ya dubi ƙasa.

Ya ce, “Uku. Wataƙila huɗu. Su ma ɗin ba kwana biyu ba ne, makonni ne. Amma rai a hannun Allah yake, mun sha ganin abin da ya ba mu mamaki.”

Ta yi godiya. Ta jira tsoro ya kama ta, bai kama ta ba. Sai ma ta sami kanta tana jera matan layinsu goma a zuci, tun daga gidan mai ƙosai har gidan liman, tana duba waɗanne uku za a bari. Ta yi istigfari ta daina. Kalmar makonni ce kawai ta zauna mata, don yarinyar da ta baro ba ta da makonni.

Da sha biyu aka kira ta. Ta cire takalmi, ta wanke hannu, aka sa mata koriyar riga a kan hijabi da abin rufe hanci. Ciki sanyi ne mai shiga ƙashi, ga na'urori na ta ƙara kowace da nata sautin. Gadaje shida ne. Ta wuce na biyu ba ta tsaya ba, sai da nas ɗin, wadda aka rubuta Hafsat a ƙirjinta, ta riƙo hannunta ta dawo da ita. Fuskar Hauwa'u ta kumbura har idanun sun shige. Bakin nan da ba ya hutawa an cusa masa roba an liƙe da filasta. Ƙirjin na tashi yana sauka daidai da bugun na'urar, ba gaggawa ba jinkiri, kuma Hauwa'u ba ta taɓa yin komai a tsare haka ba.

Tun a hanya Saudatu ta shirya yadda za ta yi. Ta kama yatsun hannun da ba allura, ta sunkuya saitin kunne.

Ta ce, “Kulu, ni ta, Saude. Ɗiyarki ba ta shan madara, ta rame. In kin yarda in ba ta, ki motsa man hannu.”

Ta jira. Hannun na da ɗumi, yana da nauyi, bai motsa ba. Sai ta yi abin da ta san ha'inci ne, ta juya tambayar, ta ce to in ba ki yarda ba ki motsa. Nan ma bai motsa ba. Ta tsaya riƙe da yatsun, ta ga cewa da ta so sai ta ɗauki shirun na biyu ta tafi da shi gida a matsayin izini, kuma ta san ba izini ba ne.

A nan ne ta lura gaban rigar asibitin da ke jikin Hauwa'u ya jiƙe wuri biyu. Ta ɗauka zufa ce, ta tuna sanyin ɗakin. Nas Hafsat ta zo da ƙaramin kwano da tsumma, ta ja labule, ta ce tun Talata nonon ya kawo, safe da rana da yamma sai sun tatse don kada ya daskare ya zama wani ciwon. Ta ce tunda mace ce, ta riƙe mata kwanon. Saudatu ta riƙe. Nonon ya riƙa sauka, mai kauri, da ɗan rawaya-rawaya irin na sabuwar haihuwa, har ya rufe gindin kwanon ya fara hawa. Ta tambaya ko za a zuba mata a wani abu ta kai wa yarinyar. Nas ta ce ina, da magungunan da ke jikin nan ai sai ya cutar da ita. Ta karɓi kwanon, ta taka zuwa wurin wanke hannu, ta juye, ta buɗe famfo.

Saudatu ta bi ruwan da ido har ya yi fari ya koma garau. Kwana uku ke nan jikin Hauwa'u na ƙoƙarin ciyar da yarinyar nan daga inda yake kwance, ana zubarwa. Ita kuma tana can da nata lafiyayye, tana juya baya.

Nas ta ce lokaci ya yi. Ta ƙara da cewa ana cewa wasu suna ji, in tana da abin faɗa ta faɗa. Saudatu ta sake sunkuyawa. Wannan karon ba tambaya ta yi ba.

“Za ni ci amanarki, Kulu. In kin tashi ki yi man hwaɗa yadda kika ga dama.”

A waje rana ta buge ta. Ta ce wa Abdulshakur za ta gida, ya dube ta, sai ya sa hannu ya rufe fuska. Ta shiga keke. A Gawon Nama suka tarar da cunkoso, wata motar albasa ta lalace a tsakiyar titi, masu kabu-kabu na ta zagin direban. Ta zauna tana kallonsu har aka ture motar.

Ta sami Inna Ladi zaune da cokali a hannu, jaririyar a cinya, madara ta bushe a gefen bakinta. Saudatu ta cire hijabi ta wanke jikinta. Kafin ta zauna ta leƙa ta kira Rahama da ke gidan gaba, da matar liman, ta ce su shigo su gani da idonsu. Ta ce musu su riƙe ranar, Alhamis ce, kwana shida da haihuwa, su faɗa wa mazansu, su faɗa wa 'ya'yansu in sun girma, cewa wannan yarinya da Gazali nono ɗaya suka sha. Ba ta son wata tsohuwa ta zo ta tuna bayan shekara ashirin. Matan suka ce sun shaida, suka zauna bakin gado suna kallon ƙasa.

Ta karɓi yarinyar. Ba nauyi ko kaɗan. Da farko ba ta kama ba, bakin ya buɗe ya rufe, kan ya koma baya. Saudatu ta matso ɗigo ta shafa mata a leɓe, ta sake, ta sake. Can harshen ya motsa. Ta kama da rauni, ta saki, ta sake kamawa, sannan ta ja da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi. A ɗakin ba a jin komai sai haɗiyarta.

Saudatu ta ji zafin ja ɗin har cikin bayanta, kuma tare da shi abin da ta kwana shida tana jira ya fara tasowa, a hankali, daga can ƙasan ciki. Baƙin ciki ne, ta gane shi. Ba ta yi ƙoƙarin tare shi ba, ba ta kuma da hannun share fuska, don duka biyun na riƙe da yarinya.

Inna Ladi ta ajiye cokalin. Ta daɗe tana kallon jikarta kafin ta tuna ba ta tambaya ba.

Ta ce, “Ƙaƙa kika baro mai jiki?”

Amsar da ake bayarwa ɗaya ce, kowa a ɗakin ya san ta, har matar liman ta buɗe baki za ta ce alhamdu lillahi.

Saudatu ta ce, “Babu sauƙi, Inna.”

Ta zare yarinyar a hankali ta mai da ita ɗaya ɓangaren.